Kayan kwalliyar baƙaƙen Amurka: kuɗin da muke kashewa yana isa inda muke nufi kuwa?

Maman Hanif (Bronx): Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan. Wata Baturiya da muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi ta ce tana so ta daina sayen man shafawa da sabulun wanke gashi na manyan kamfanoni, ta koma na baƙar fata, wai gudunmawarta ke nan a yaƙi da wariyar launin fata. Ta ce in rubuto mata sunaye. Ni dai SheaMoisture da Mielle da Cantu na sani, su nake saya wa yara. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wai sayen robar mai zai rage wariya? Sannan mu da muka zo daga gida, cikin masu taimakon muke ko cikin waɗanda ake taimaka wa?

Ummi (Atlanta): Wa alaikumus salam Anti. Don Allah kar ki tura mata waɗannan ukun. SheaMoisture dai Unilever ya saye shi tun 2017. Mielle kuma P&G, masu Pampers da Ariel, suka saye a farkon 2023. Cantu kuwa na wani kamfani ne da ake kira PDC Brands, ba na baƙar fata ba ne. Hoton mace mai tulin gashi a jikin roba ba ya nuna wanda ke karɓar ribar.

Maman Hanif (Bronx): Ikon Allah! Har SheaMoisture ɗin? Ai tarihin kakarsu ne rubuce a jikin robar.

Ummi (Atlanta): Shi tarihin yana nan. Sunanta Sofi Tucker, sun ce tun 1912 take sayar da man kaɗanya da sabulu a Saliyo. Jikanta Richelieu Dennis ɗan Laberiya ne, karatu ya kawo shi Amurka, yaƙi ya ɓarke a gida bai samu komawa ba. Shi da mahaifiyarsa da wani abokinsa suka fara kasa sabulu da mai a kan tebur a titin Harlem a 1991. Daga tebur har manyan kantuna. Kamfanin ne ya canza hannu, aka bar wa kaka wurinta a jikin roba.

Malam Sabo (Shikago): Ummi 'yata, wannan ai tsohon zance ne a garinmu. George Johnson a nan Shikago ya kafa Johnson Products a 1954, masu Ultra Sheen da Afro Sheen. A 1971 ya zama kamfanin baƙar fata na farko da aka sa a kasuwar hannun jari ta American Stock Exchange. Shi ya riƙa ɗaukar nauyin shirin Soul Train a talabijin lokacin da manyan kamfanoni ba sa ko kallon wajen. A 1993 aka sayar. Soft Sheen ma na nan garin ne, L'Oréal ya saye a 1998. Dark and Lovely da matanmu suka sani tun gida, shi ma a hannun L'Oréal yake. Carol's Daughter da wata baiwar Allah ta fara haɗawa a kicin ɗinta a Brooklyn, su dai suka saye a 2014. To ni abin da nake gani ke nan: a taso ku da kishin launi, ku yi ta saye har abu ya yi ƙiba, ran nan ku wayi gari an miƙa wa waɗanda aka ce ku guje wa. Shi ya sa ni ban ɗauki wannan kiran da zafi ba.

Yaya Bala (Kano): Malam, da girmanka, amma ina laifin mai sayarwa? Mutum ya sha wahala shekara ashirin da wani abu, an zo an ajiye masa kuɗin da jikokinsa ba za su cinye ba, ya ce a'a saboda kada mutanen Facebook su yi fushi? A Kantin Kwari wa zai yi haka? Bature ya kafa kamfani ya sayar a ce ya ci nasara, baƙi ya sayar a ce ya ci amana. Wannan ma ai wani nauyi ne da aka ɗora wa baƙin shi kaɗai.

Ummi (Atlanta): Yaya Bala ya faɗi wani abu. Kuma a duba abin da aka yi da kuɗin. Shi Dennis bayan cinikin Unilever ya je ya sayi mujallar Essence a 2018, mujallar matan baƙar fata da ta daɗe a hannun Time Inc. Aka kuma kafa asusun New Voices na dala miliyan 100 don zuba jari a kasuwancin mata waɗanda ba farar fata ba. Ita kanta Mielle ta ci moriyar asusun kafin ta girma. Ban ce kowa haka yake yi ba, amma ba duk mai sayarwa ne ya gudu da kuɗi ba.

Malam Sabo (Shikago): Ta ci moriyar asusun, ta girma, ita ma aka sayar da ita. Kin ga kin dawo kan maganata.

Bilkisu (Houston): Baba Sabo, a yi mini haƙuri in shigo. Ina ganin tambayar da ta fi ita ce me ya sa kusan dukkansu suke ƙarewa da sayarwa. Kamfanin bincike kan kasuwanci na McKinsey sun fitar da rahoto a 2022: baƙaƙen Amurka sun kashe dala biliyan 6.6 a kayan kwalliya a 2021, wato kashi 11.1 cikin ɗari na kasuwar, amma kamfanonin baƙar fata kashi 2.5 kacal suke samu na cinikin. Wannan giɓin ba rashin iya haɗa mai ba ne.

Wata ƙawata ta taɓa kai kayanta gaban wani babban kanti, ita ta ba ni labarin yadda abin yake. Da farko murna, an karɓe ki. Sai a ce ki cika shaguna da yawa a lokaci ɗaya, ke za ki nemo kuɗin robobi da kwali da masana'antar da za ta cika miki. Kusan rabin farashin na kanti ne. Na gwaji da ake ajiyewa mutane su shafa a bayan hannu, ke za ki bayar. Talla ke za ki yi. Kuɗinki kuma sai bayan wata biyu ko uku. In kaya bai tafi da sauri ba a sauke shi daga kanta, wani lokaci a dawo miki da ragowar. Wanda ya taso gidansu akwai gida na kansu da za a jinginar, ko kawu mai kuɗi, zai iya jure wannan. Baƙaƙen ƙasar nan kuwa shekara da shekaru bankuna suna zagaye unguwanninsu da jan layi a taswira, ba a ba su bashin sayen gida. Dukiyar da za a gada ba ta taru ba. To in Unilever ya ƙwanƙwasa ƙofa, da me za ki ce masa ya dakata?

Anti Lami mai kitso (Harlem): Ni ban iya dogon rubutu ba, 'yata ce take buga mini. Duk kuna ta maganar masu kamfani, ba wanda ya tuna da mu. Mace ta zauna a gabana tun hantsi har la'asar, ina tsaye, yatsuna suna ƙagewa, in gama ta ce in rage mata dala ashirin. Amma ƙarin gashin da ta riƙo a leda, ko sisi ba ta nemi ragi ba a inda ta sayo. Kuma ku zaga unguwannin baƙaƙe ku gani, shagunan sayar da gashi da man kitso galibi na 'yan Koriya ne. Na taɓa yunƙurin ware gefe ɗaya na shagona in riƙa sayar da gashin da kaina. Irin wanda kwastomomi suke nema da suna, 'yan sarin suka yi ta ja mini rai, yau babu, gobe sai na ɗauki kwali kaza, har na haƙura. In Baturiyar Maman Hanif tana son taimako ta zo a yi mata kitso ta biya ba ciniki.

Maman Hanif (Bronx): Anti Lami kin ba ni dariya. Gashinta ko kalba ba zai riƙe ba.

Baba Ɗanjuma (Columbus): Hajiya Lami, a yi hattara kada zancen ya koma kan ƙabila. 'Yan Koriya ba da dare suka ƙwace ba. Tun shekarun 1960 ƙasarsu take ƙera gashin sawa tana fitarwa, waɗanda suka yi hijira suka riƙe hanyar tun daga masana'anta har sari har shago. Kuma suna da irin adashinmu, da shi sabon zuwa yake samun jarin buɗe shago. Mu ma muna adashi, sai dai namu a biki da gwal da kujerar Makka yake ƙarewa. Ban ce ba a rufe miki ƙofa ba, na san ana yi. Amma da ku masu kitso goma za ku haɗa oda ɗaya, da ɗan sarin da kansa zai nemo lambarku.

Anti Lami mai kitso (Harlem): Alhaji, mata goma a oda ɗaya? Allah ya ba mu lafiya.

Malam Sabo (Shikago): Ku bar ni in taɓa ɗaya tambayar ta Maman Hanif. Ni a ganina mu baƙi ne a ƙasar nan. Rigimar tsakaninsu da Turawa ta shekara ɗari huɗu ce, ba da mu aka fara ba. Ka yi aikinka, ka tura wa gida, ka kiyaye doka.

Ummi (Atlanta): Baba, Amadou Diallo ma aikinsa yake yi. Bafulatani ne ɗan Gini, yana talla a titi, ya dawo gida a Bronx a watan Fabrairun 1999, 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41 a ƙofar gidansu, ba shi da komai sai walat. Ba su tambaye shi ko kakansa bawa ne ko jiya ya sauka daga jirgi ba. Sannan dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa 'yan Afirka da Asiya ƙofa, a kan guguwar gwagwarmayarsu ta zo, shekara ɗaya bayan dokar 'yancin jama'a ta 1964. Su aka sakar wa karnuka a Birmingham, mu muka zo muka tarar da ƙofa a buɗe. A wajen ɗan sanda da mai ba da hayar gida, mu da su ɗaya ne. A wajen tarihi kuwa su ke bin mu bashi.

Baba Ɗanjuma (Columbus): Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidajenmu ana faɗin maganganu a kansu da in Bature ne ya faɗa da mun ce wariya ce. Akwai iyayen da suke hana yara wasa da 'ya'yansu. Wanda yake wannan, ko ya saye kantin baƙar fata kaf bai yi komai ba.

Bilkisu (Houston): Game da ko robar mai tana rage wariya, akwai abin da na karanta da ya zauna mini. Madam C.J. Walker an haife ta a 1867 a Louisiana, ita ce ta farko a ɗakinsu da aka haifa ba a cikin bauta ba. Wankau take yi. Ta fara da tallan kayan wata baƙar mace, Annie Malone, daga baya ta haɗa nata maganin gashi, ta kafa masana'anta a Indianapolis a 1910, ta horar da dubban mata suna bi gida gida. Abin lura shi ne su waɗannan matan, kafin nan aikinsu wanki da aikatau a gidan Turawa. Wadda take aikatau in ta je taron neman 'yanci, washegari uwar ɗakinta ta sallame ta. Mai gyaran gashi kuwa 'yan uwanta ne ke biyanta, ba Baturen da zai kore ta. Walker kanta ta ba NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, dala 5,000 a 1919 don yaƙi da rataye baƙaƙe da gungun Turawa ke yi.

Haka a 1957, da aka buɗe ajin farko na koya wa manya karatu a tsibirin Johns a South Carolina don su iya cin jarrabawar rajistar zaɓe, ba malamar makaranta aka ba ajin ba, wata mai gyaran gashi aka ba, Bernice Robinson. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne malamar gwamnati ana iya korarta, kamar yadda aka kori 'yar uwarta Septima Clark saboda ta ƙi fita daga NAACP. Ita kuwa Bernice ba mai taɓa abincinta. To a nan nake ganin amfanin sayen yake. Mai ba ya sauya zuciyar mai wariya, amma yana samar da mutanen da za su buɗe baki ba tare da tsoron yunwa ba.

Malam Sabo (Shikago): Wannan na yarda da shi. Amma kin lura duk misalanki kuɗin a unguwa yake tsayawa. Ba a babban kantin kayan kwalliya irin Sephora ba.

Hajiya Zuwaira (Tamale): Salamu alaikum, na tarar kun yi nisa. Tunda an ambaci man kaɗe, ku ba ni wuri, don sana'ata ce kuma ta uwata ce. Wannan man da kuke saya a roba mai ƙyalli, ku san daga inda ya taso. Farkon damina mata suke fita tun assalatu, kafin shanu da sauran masu tsinta su riga su. A cikin ciyawa ake lalube, kuma lokacin macizai ne, kowace shekara sai an sari wasu. A kawo gida a cire naman, a tafasa ƙwallon, a shanya, ga ruwan sama yana korar ki da shanya. A fasa, a daka, a soya, a kai inji. Sai babban aikin: ki duƙa a kan baho kina bugun ƙullun da hannu kina ƙara ruwa, har man ya taso fari ya rabu da dusar. Mai ƙarfi ma sai kafaɗarta ta gaya mata. A kwashe a dafa, a tace, a bar shi ya daskare.

Abin da za a ba ta a kan kilo guda, ba zai sayi ƙaramar roba ɗaya a wajenku ba, robar da man kaɗen cikinta bai fi cokali biyu ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma gardin nan wani lokaci fari ne, wani lokaci baƙi ne ɗan uwanmu, har da hoton matanmu a shafinsa suna murmushi. Ni in za a tambaye ni, kar a tsaya a wane ne mai kamfanin. A tambaye shi wurin wa yake saye, nawa yake biya, kuma man yake saye ko ƙwallon. Wanda ya sayi man da aka gama a nan ya bar mana ladan aikin. Wanda ya kwashi ƙwallo ya tafi da aikin gaba ɗaya. Kuma ku sani mafi yawan abin da ake fitarwa ba kwalliya yake tafiya ba, masu cakulan ne suke kwashewa.

Ummi (Atlanta): Hajiya akwai masu yin yadda kika ce. Alaffia misali, wani ɗan Togo ne ya kafa shi da matarsa, kuma a Sokode ƙungiyar mata take haɗa man kafin a kawo shi nan.

Yaya Bala (Kano): Hajiya, ai saboda wannan ne gwamnatin Tinubu ta hana fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya na wata shida a Agustan 2025, wai a riƙa sarrafawa a gida. Manufar ba laifi. Amma da aka rufe ƙofar farashin ƙwallon ya faɗi, kuma wa ya fara ji a jikinsa? Matar ƙauye a jihar Neja da Kwara da ta riga ta tara buhunta tana jiran masu saye.

Hajiya Zuwaira (Tamale): Kullum ita ce, Bala. Ko an buɗe ko an rufe.

Hadiza (Yamai): Ni ina karantawa ina mamakinmu. Muna tattauna yadda za a tallafa wa baƙar fata a Amurka, alhali a kasuwanninmu abin da ya fi tafiya man bilicin ne. Amarya sai an yi wata guda ana dafa ta kafin biki. Maza suna cewa fara ko mayya ce. Unilever ɗin da ya sayi SheaMoisture, shi ne mai Dove da ya shiga gaba wajen neman dokar CROWN da ta hana korar mutum daga aiki ko makaranta saboda kitso, wadda California ta fara sa wa hannu a 2019. Shi ne kuma ya shekara arba'in da wani abu yana sayar da Fair & Lovely a Indiya, sai a 2020 da duniya ta yi caa ya sauya masa suna zuwa Glow & Lovely. Kowace kasuwa abin da take so yake kai mata. Mu me muke nuna muna so?

Yaya Bala (Kano): Hadiza ban da jam'u, ni matata baƙa ce kuma ban taɓa sayo mata ko sabulu ba.

Hadiza (Yamai): Ko sabulu, Yaya? To wannan wata ƙarar ce daban.

Bilkisu (Houston): Kun sa na tuna. Baƙar fata ya mallaki kamfani ba shi ke nufin kayan lafiya ne ba. Man miƙar da gashi ai kamfanonin baƙaƙe ne suka yi suna da shi tun farko. Binciken da cibiyar lafiya ta NIH ta fitar a Oktoban 2022 ya nuna matan da ke yawan amfani da shi, kusan kashi 4 cikin ɗari ake hasashen za su kamu da kansar mahaifa kafin shekara 70, waɗanda ba sa amfani da shi kuma kashi 1.6. Bai tabbatar cewa man ne sanadi kai tsaye ba, amma ni dai na daina sa wa 'ya'yana. A riƙa juya roba ana karanta bayanta, ko ta wane ne.

Maman Hanif (Bronx): To yanzu dai ku ba ni sunaye, kun bar ni da tarihi.

Ummi (Atlanta): Anti ga waɗanda na sani. The Lip Bar na Melissa Butler 'yar Detroit, jan baki da hoda. Danessa Myricks. Juvia's Place, mai shi 'yar Najeriya ce. Black Girl Sunscreen, man kariyar rana da ba ya barin toka a fuska, wannan ko Baturiya zai yi mata. Camille Rose da Pattern na gashi. Sai Luster, masu Pink ɗin nan da iyayenmu suke shafawa tun gida, iyalin baƙaƙe ne a Shikago tun 1957. Amma ta riƙa dubawa kafin ta saya, don ciniki ba ya sanarwa.

Kuma ki gaya mata ta sayi abin da zai yi mata amfani har ta koma ta sake saye. A ƙarshen 2022 wata Baturiya mai miliyoyin mabiya a TikTok ta yabi man rosemary na Mielle, Turawa suka yi dafifi suka share shi daga kantuna, matan da aka yi man dominsu suka rasa. Wasu kuma da gashinsu bai dace da shi ba suka dawo suna kushe shi. Wannan ba taimako ba ne. Jan baki, turare, sabulu, man jiki, duk ba ruwansu da irin gashi.

Malam Sabo (Shikago): Luster kam na shaida, a kudancin gari suke.

Baba Ɗanjuma (Columbus): Wannan maganar ta sake saye ita ce ta fi damuna. Ku tuna 2020 bayan kashe George Floyd a Minneapolis. Aurora James ta fito da kiran manyan kantuna su ware kashi 15 cikin ɗari na kantocinsu ga kayan baƙar fata, Sephora ta fara sa hannu. Sharon Chuter, 'yar Najeriya da ta kafa Uoma Beauty, ta ba kamfanoni sa'o'i 72 su fito da adadin baƙaƙen da ke cikin ma'aikatansu da shugabanninsu, wasu suka fito da shi abin kunya. Walmart ta ce ta daina kulle man gashin baƙaƙe a cikin gilashi alhali na Turawa yana waje. Babban kantin Target ma a 2021 ta yi alkawarin kashe dala biliyan 2 wajen kasuwancin baƙar fata. Kowa yana rububi. Yau ina ake? Fearless Fund ta Atlanta da take ba mata baƙaƙe tallafin dala 20,000, an maka ta kotu a 2023 cewa wariya take yi, a 2024 ta rufe shirin. Target ta janye shirye-shiryenta na damawa da baƙaƙe da sauran tsiraru a Janairun 2025.

Anti Lami mai kitso (Harlem): Alhaji ka manta da Ami Colé. Yarinyar 'yar Senegal ce, a nan Harlem ta tashi, uwarta mai kitso ce irina, sunan uwar ta sa wa kamfanin. Ta fara a 2021, ta shiga Sephora, duk muka yi ta alfahari. Man leɓenta har yanzu akwai a jakata. A 2025 ta rufe. Ranar da 'yata ta karanta mini na rasa abin cewa, don kaya ne masu kyau kuma ana saye.

Bilkisu (Houston): Ana saye Anti, amma kanta tana cin kuɗi fiye da yadda take kawowa in ba ki da mai tsaya miki. Masu jarin da suka yi ta rububi a 2020 da iska ta juya sai suka ja baya. Fenty ta Rihanna da ta fito da kalar hoda 40 a 2017 har ta tilasta wa sauran su bi, ai katafaren kamfanin Faransa LVMH ne a bayanta tun ranar farko. Ba a haɗa ta da mai farawa da adashi.

Maman Hanif (Bronx): To Target ɗin fa? A masallacinmu wasu sun ce an daina shiga, ni kuma nan ne kusa da ni.

Ummi (Atlanta): A nan ma baƙaƙen kansu ya rabu. Fasto Jamal Bryant na nan yankin Atlanta ya kira ƙauracewar kwana 40 a lokacin azuminsu na 2025, mutane da yawa suka bi har bayan nan. Tabitha Brown kuma, da take da kaya a kantin, ta ce in kowa ya daina shiga, kayan baƙaƙen ne za su fara kwantai, a sauke su a ce dama ba sa tafiya. Ni dai na daina shiga, ina yin oda kai tsaye daga shafin masu kayan. Ribar ma ta fi yawa a wajensu, tunda ba mai raba ta biyu.

Malam Sabo (Shikago): A Montgomery, da baƙaƙe suka ƙaurace wa bas saboda wariya a 1955, kwana 381 suka yi suna tafiya a ƙasa, ba wanda ya ce a riƙa hawa bas ɗin kaɗan kaɗan. Ƙauracewa in za a yi a yi.

Bilkisu (Houston): Baba, a Montgomery ba baƙin da yake da kaya a cikin bas ɗin. Nan kuwa akwai wadda ta ci bashi ta cika kanta. Kuma ba kowa ke iya biyan kuɗin aike a kan robar dala goma ba.

Malam Sabo (Shikago): Direbobin tasi baƙaƙe da suka riƙa ɗaukar mutane a kuɗin bas fa, ba asara suka yi ba? Kowace gwagwarmaya akwai wanda yake biya.

Bilkisu (Houston): Su suka zaɓa da kansu. Ita wannan ba a tambaye ta ba.

Hajiya Zuwaira (Tamale): Ku ci gaba da Target ɗinku. Hajiya Lami, ke da kike da kwastomomi a zaune awa shida ba inda za su, me zai hana ki ajiye man kaɗe na gaske a gefen madubi? Ƙungiyarmu mata ne zalla, mu muke bugawa. Ɗan ƙanena yana haɗa kaya a kwantena daga Tema zuwa New York, sai in sa miki bokiti biyu na gwaji, fari da mai ruwan ɗorawa.

Anti Lami mai kitso (Harlem): Fari dai Hajiya, kuma wanda bai sha hayaƙi ba, don su nan ƙamshin yana korar wasu. Nawa kilo, kuma kuɗin jirgin a kan wa?

Hajiya Zuwaira (Tamale): A kanki mana. Yanzu kika gama cewa ba kya son mai neman ragi.